Zanen Manyan Gwanaye a Kunne da Wuya: Amsar Tambayoyinku kan Yumɓun Roba

Wasiƙun wannan karon duk kan yumɓun roba suke, wato yumɓun nan mai launi-launi da ake murzawa da hannu, a gasa shi a oben, a yi 'yan kunne da kan sarƙa da shi. Sunan yumɓu kawai ya ci, ba ƙasa ce tushensa ba. Garin robar PVC ne aka kwaɓa da launi da wani mai da ke sa shi laushi, shi ya sa iska ba ta busar da shi, sai zafi ke ƙamar da shi. Yawancin masu tambayar suna son ɗora shahararrun zane-zanen duniya ne a kan kayan adonsu.

TAMBAYA: Salamu alaikum malamai. Na yi ƙoƙarin yin 'yan kunne da zanen Van Gogh na daren taurari, amma launukan suka cakuɗe, abin ya koma kore-kore mai datti. Ina kuskuren yake?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kuskuren biyu ne, kuma na farkon tun kafin ki taɓa yumɓu aka yi shi. Zanen da Vincent van Gogh ya yi a watan Yunin 1889, lokacin yana jinya a Saint-Rémy da ke kudancin Faransa, faɗinsa ya kai santimita 92, tsayinsa kusan 74. Ɗan kunnenki bai wuce santimita 3 ba. In kin ce sai kin cusa ƙauyen da hasumiyar cocin da dogon itacen nan da wata da taurari goma sha ɗaya a wannan ɗan fili, komai zai haɗe ya zama tabo. Abin da ke sa mutum ya gane zanen tun daga nesa guda biyu ne: launukansa, da yadda gajerun layukan buroshi ke bin juna suna juyawa kamar guguwa. Su za ki ɗauka. Naɗin iska ɗaya da tauraro ɗaya sun ishi ɗan kunne guda, ki bar wa ɗayan watan.

Na biyu, shuɗi da rawaya in sun gogu da juna kore suke haifarwa. Da zarar kin jera launukan kin bi su da abin murji ko kin shafa da yatsa, aikin ya ɓaci. Ba a shafa wannan aikin, ɗora shi ake yi ɗaya bayan ɗaya.

Ga yadda ake yi. Ki murza kowane launi a injin taliya a kauri ɗaya, ki riƙa cirar ƙananan da'ira da murfin biro ko wani abin yanka, kowace da'ira ta zama kashi ɗaya. Da haka awonki ba zai sauya ba in yumɓu ya ƙare kina son sake haɗawa. Shuɗi huɗu kike buƙata: mai duhu, kashi takwas na shuɗi da kashi ɗaya na baƙi; tsantsar shuɗin yadda ya zo; matsakaici, kashi biyu na shuɗi da ɗaya na fari; mai haske, kashi ɗaya na shuɗi da uku na fari. Rawaya biyu: tsantsa, da wadda aka sirka da fari rabi da rabi. Sai ɗan ƙwayar ruwan goro don cikin wata.

Ki shimfiɗa shuɗi mai duhu a kaurin milimita 2 a kan tayil, ki yanke siffar ɗan kunnen, ki zana hanyar guguwar a kansa da bakin allura, sama-sama. Kowane launi ki murza shi ya zama siririn zare kamar kaurin tsinken ashana ko ƙasa da haka, ki yayyanka shi guntu-guntu, ki mulmula kowane guntu ya zama kamar ƙwayar shinkafa mai tsini gefe biyu. Da allura za ki ɗauki ƙwayar, ki ajiye ta a kan layin, ki ɗan danna tsakiyarta a tsaye yadda allurar za ta bar shati. Wannan shatin shi ne ke ba da kamannin gashin buroshi. Ki fara daga tsakiyar tauraro ki fito waje: rawaya, rawaya mai haske, fari, shuɗi mai haske, sannan sauran. Lura da farin da ke tsakanin rawaya da shuɗi, shi ne katangar da ke hana koren fitowa. Kada ki jera shuɗi iri ɗaya fiye da ƙwaya uku a jere, ki riƙa sirkawa. Aiki ne mai cin lokaci, ƙafa ɗaya ta 'yan kunne na iya cinye miki yammaci guda, amma in haske ya faɗa a kan waɗannan ƙananan tudun za ki ga inda lokacin ya tafi.

TAMBAYA: Malamai, abin da nake yi yana fitowa da kyau, amma da an ɗan lanƙwasa shi sai ya karye kamar biskit. Da na ƙara wuta kuma sai ya ƙone ya yi baƙi. Yaya zan yi?

AMSA: Ruwa ba ya tsami banza, Malam. Karyewa alama ce ta rashin gasuwa. A cikin oben, ƙwayoyin robar suna shanye man da ke kewaye da su ne su kumbura su manne da juna su zama jiki ɗaya. In zafin bai kai ba, ko lokacin ya gaza, waje zai yi tauri amma ciki na nan gari-gari. Yumɓun da ya gasu sosai, in siriri ne, lanƙwasuwa yake yi ya dawo bayan ya huce. Wannan lanƙwasuwar ba aibi ba ce, ita ake nema.

Kowane kamfani da nasa zafin, kuma a jikin ledar yake a rubuce. Fimo digiri 110 ne a ma'aunin Salshiyos na minti 30, kuma kamfanin ya ce kada a wuce 130. Premo digiri 275 ne a Faranhait, wato kimanin 130 zuwa 135 a Salshiyos, minti 30 ga kowane kaurin milimita 6. Cernit tsakanin 110 da 130. Kato ya fi su son wuta, wajen 150. In ka haɗa iri biyu, ka gasa ɗan guntu ka gwada tukuna.

Babbar matsalar ita ce lambar da ke jikin maɓallin oben sau da yawa ba ita ce zafin da ke ciki ba. Ƙananan oben musamman, ƙarfen wutarsu kan yi ja zir ya wuce ƙima, sannan ya mutu zafin ya faɗi. Don haka ka nemi ma'aunin zafi na oben ka ajiye shi daf da inda aikin zai zauna, ka kunna, ka ba shi kamar minti 20 ka ga inda allurar ta tsaya kafin ka sa komai. Ka ɗora aikin a kan farar takarda, takardar a kan tayil, ka kife faranti ko rumfar foyil, wato takardar alminiyam ta girki, a kai ba tare da ta taɓa shi ba. Tayil na riƙe zafi ya daidaita shi, takarda na hana bayan aikin yin tabon sheƙi, murfin kuma na kare fari da launuka masu haske daga dafewa. Da wannan kariyar, ka ƙara lokaci maimakon wuta: minti 45 zuwa awa ɗaya a daidai zafinsa na ƙara masa ƙwari.

In ya ƙone har ya yi hayaƙi, ka kashe oben, ka buɗe tagogi, ka fita sai warin ya wuce, domin hayaƙin ƙonanniyar PVC na cin ido da maƙogwaro. Ba a sa shi a maikirowef ko kaɗan. Akwai kuma nau'in da ko ya gasu yana da saurin karyewa in ya yi siriri, irin su Sculpey III, don haka ba shi ne na 'yan kunne masu faɗi ba. Sannan ka tabbata ka murza yumɓun sosai kafin aiki, har sai ka ninka shi bai tsage a bakin ninkin ba.

TAMBAYA: Ina son yin zanen Mondrian mai murabba'ai da baƙaƙen layuka, guda ashirin iri ɗaya. Na gwada hanyar sanda amma layukan suka karkace.

AMSA: Ga masu karatun da ba su san hanyar ba: ana gina zanen ne a cikin dunƙule mai tsawo, yadda duk inda aka yanka shi a kwance zanen ɗaya ne zai bayyana, sannan a matse shi ya ƙara tsawo zanen ya ƙanƙance. Daga masu aikin gilashi aka aro dabarar, irin na tsibirin Murano a Italiya.

Zanen Piet Mondrian na 1930 yana da sauƙin kallo da wuyar yi, don ba shi da inda kuskure zai ɓuya. Ƙaton jan murabba'i a sama ta dama, ƙaramin shuɗi a ƙasa ta hagu, ɗan ƙyallin rawaya a ƙasa ta dama, sauran fari, kuma baƙaƙen layukan ba kaurinsu ɗaya ba. Ki kiyaye wannan rashin daidaiton, shi ne ran zanen.

Layi na karkacewa ne saboda launukan ba laushinsu ɗaya ba. Mai laushi yana riga mai tauri gudu in ana matsawa, sai ya ture layin da ke kusa da shi. Maganinsa, wanda ya cika laushi ki murza shi fale-fale, ki sa shi tsakanin fararen takardu biyu marasa rubutu, ki danne da littafi na awa ɗaya ko biyu, takardar za ta tsotse rarar man. Wanda ya yi tauri ki ƙara masa ɗigon yumɓun ruwa, wato nau'in yumɓun robar da ke zuwa ruwa-ruwa, ki murza. Sai kin danna kowane launi da yatsa kin ji duk daidai suke, sannan ki fara gini.

Ki gina dunƙulen a faɗin santimita 4 kowane gefe, tsawo kamar 5. Ki yanka tubalan da reza mai kaifi a tsaye, ki sa baƙin shimfiɗa mai kaurin milimita ɗaya da rabi tsakaninsu, domin in kin rage sandar zuwa santimita 2 layin ma rabinsa zai rage. Kada ki bar gurbin iska a kusurwa, nan ne yumɓu ke malalawa ya lanƙwasa layi. Ki bar dunƙulen ya kwana. Washegari ki matse daga tsakiya zuwa bakuna, gefe ɗaya, ki juya, gefe na gaba, a hankali, kina bin kowane gefe da abin murji don kusurwoyin su tsaya. Sandar murabba'i ba a mirgina ta a kan tebur. Bakunan biyu dole su lalace, ki yanke su ki ajiye don cike cikin wani aikin. Kafin yanka ki sa ta a firji na minti 20, ki goge rezar da sifirit bayan kowane yanka don kada baƙi da ja su shafi fari, kuma ki riƙa juya sandar kwata ɗaya bayan kowane yanka don kada gefe ɗaya ya tauye.

In wannan ce sandarki ta farko, shawararmu ki fara da Wassily Kandinsky. Nazarin launinsa na 1913 murabba'ai goma sha biyu ne, kowanne da da'irori cikin da'irori, kuma shi kansa bai zagaye su daidai ba. Ki naɗe dunƙulen launi ɗaya da shimfiɗar wani, ki sake naɗewa da wani, har huɗu ko biyar, ki cike kusurwoyi ya zama murabba'i. In ya karkace ma ya ƙara kama da na asali.

TAMBAYA: Na liƙa ganyen zinariya don kwaikwayon Klimt. Bayan wata biyu ya dushe, banish ɗin da na fesa kuma yana danƙo har yanzu.

AMSA: Hajiya, mu fara da danƙon, don shi ya fi ɓarna. Yawancin banish na feshi da jan farce suna ɗauke da sinadaran da ba sa jituwa da man da ke cikin yumɓun, ko bayan ya gasu. Da farko abin zai yi kamar ya bushe, bayan kwanaki ko makonni ya dawo yana kama yatsa da ƙura. Ki gwada goge shi da sifirit a auduga. In ya fita to, in bai fita ba sai haƙuri. Nan gaba ki nemi banish mai narkewa a ruwa, na foliyuretan, ki shafa da buroshi mai laushi fale-fale sau biyu, ki bar na farko ya bushe sarai. Kowane sabon banish ki gwada shi a gasasshen guntu ki ajiye wata guda kafin ki amince masa. Shi kansa yumɓun ba ya buƙatar banish, abin da aka ɗora a kansa ake rufewa.

Dushewar kuwa daga ganyen take. Wanda aka fi samu ba zinariya ba ne, gamin jan ƙarfe da zinki ne, kuma gumi da iska na sauya masa launi. Dole a rufe shi ko'ina, har gefe-gefe, da zarar ya huce.

Gustav Klimt ɗan maƙerin zinariya ne, kuma zanensa mafi shahara, wanda ya yi tsakanin 1907 da 1908 yake ajiye a gidan tarihi na Belvedere a Biyana, babban birnin Austriya, da ganyen zinariya na gaske ya ƙawata shi. Abin da ya dace da kayan ado a cikinsa shi ne adon tufafin: dogayen murabba'ai baƙaƙe da farare da ruwan toka a rigar namijin, da'irori da furanni masu launi a ta macen. Ki ɗora ganyen a kan ɗanyen yumɓu ruwan ƙasa ko baƙi, zai kama da kansa ba gam. Ki rufe da takarda ki shafa. In kina son ya tsattsage ƙasan ya leƙo, ki bi ta injin sau ɗaya a mataki na gaba mafi siriri, ki juya shi kwata, ki sake bi sau ɗaya. In a fuska ɗaya kawai kika ja shi, tsagar dogaye za ta yi kamar karce. Sannan ki jera siraran yankan baƙi da fari a ɗan kunne ɗaya, da'irori a ɗayan.

TAMBAYA: Yaya ake samun launin ruwan tafkin Monet, inda shuɗi ke shiga kore da shunayya ba a ga iyakarsu ba?

AMSA: Da hanyar da Judith Skinner ta fito da ita, wadda ake kira da sunanta. Ki yanka shimfiɗa biyu masu launi daban a siffar alwatika, ki haɗa su baki da baki su zama murabba'i mai tsawo. Ki ninka daga ƙasa zuwa sama, ki sa bakin ninkin a injin taliya shi ne farko don iska ta fice ta sama. Ki maimaita sau 20 zuwa 25, kullum ninki a fuska ɗaya. Har zuwa na goma abin zai yi kamar ya lalace, duk zane-zane. Ki ci gaba. In kin juya shimfiɗar ko sau ɗaya, launukan za su haɗe su zama ɗaya.

Claude Monet ya zana furannin tafkin lambunsa na Giverny kusan sau 250, kuma abin da ya bi a cikinsu haske ne a kan ruwa. Don samun zurfin nan, ki sirka kowane launi da yumɓu mai garai-garai, wato wanda haske ke ratsawa, rabi da rabi. Ki sani yana ƙara duhu a wuta, yana kuma saurin yin rawaya, don haka rumfar foyil wajibi ce. Ganyen furen ƙananan kore ne masu siffar ƙwai a kwance, domin daga gefe ake kallonsu. In kin yi su zagaye sosai zurfin ya tafi. Furen ɗigo biyu ko uku ne na fari da ruwan hoda. Bayan gashi ki goge da samfefa cikin ruwa, lamba 400, 600, 800, sannan 1000, ki murza da ƙyalle mai kauri har ya yi sheƙi.

TAMBAYA: Farin yumɓuna kullum cike da ƙura da zare-zare.

AMSA: Ki fara aiki da fari kafin sauran launuka, ki guji tufafi masu zubar da gashi, ki mulmula tarkacen yumɓu a hannu ya kwashe dattin tukuna. Kafin gashi ki bi saman da auduga mai ɗan sifirit, yana ɗauke ƙura da shatin yatsa. Wanda ya tsere ya gasu, ɗan asiton, wato sinadarin goge jan farce, a tsinken auduga zai cire shi, amma da sauri, don yana narkar da saman.

TAMBAYA: Ƙarfen bayan ɗan kunnen yana ɓallewa ko da sufa gulu.

AMSA: Gam yana bushewa ya yi tauri, yumɓu kuma yana lanƙwasuwa, dole wata rana su rabu. Binne ƙarfen ake yi. Bayan gashin farko ki kankare wurin da samfefa, ki ɗiga yumɓun ruwa, ki ɗora faifan ƙarfen, ki huda siririyar da'irar ɗanyen yumɓu ki zura ta ta tsinken ta rufe faifan, ki shafe bakinta, ki sake gasawa minti 30. Yumɓu na jure gashi sau da yawa. Hujin zoben haɗi kuma, wato ɗan zoben ƙarfen da ke haɗa sassan ɗan kunne, bayan gashi ake yin sa, da bakin huji na milimita ɗaya da rabi, a bar aƙalla milimita 2 tsakaninsa da gefe.

TAMBAYA: Malamai, ya halatta a doka in sayar da abin da na kwaikwayo daga zanen wani?

AMSA: Ya danganta da mai zanen da kuma ƙasar da kake. Yarjejeniyar Berne ta sa mafi ƙarancin haƙƙin mallaka ya zama shekara 50 bayan rasuwar mai aikin, ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya da wasu da dama kuma 70 suke bi, Amurka na da nata lissafin daban ga tsofaffin ayyuka. Van Gogh ya rasu a 1890, Klimt a 1918, Monet a 1926, Mondrian da Kandinsky a 1944, duk sun wuce wannan wa'adin. Haka Hokusai na Japan, mai zanen babbar igiyar ruwa, wanda ya rasu a 1849. Henri Matisse ya rasu a 1954, don haka a ƙasashen shekara 70 ayyukansa sun fita tun farkon 2025, kuma siffofin ganyen da ya riƙa yankawa da almakashi a ƙarshen rayuwarsa suna daga cikin mafi dacewa da yumɓu, tunda su ma yanka ne a shimfiɗa. Pablo Picasso kuwa a 1973 ya rasu, nasa na nan a kulle a waɗannan ƙasashen har ƙarshen 2043.

Mai zanen da ke raye, ko wanda bai daɗe da rasuwa ba, sai da izininsa ko na magadansa a rubuce kafin ka kwafi wani takamaiman aikinsa ka sayar. Salo da haɗin launi ba mallakin kowa ba ne, amma ɗaukar aikin mutum sukutum ko sa hannunsa wani abu ne daban. Wannan ya haɗa da 'yan'uwanka masu aikin yumɓu: in wata ta fito da nata fasalin daren taurari, fasalin nata ne, ka koma ga zanen asali ka ciro naka. A wajen talla ka rubuta cewa aikin hannunka ne da ya samo asali daga zanen wane na shekara kaza, kada ka sa sunan gidan tarihi ko tambarinsa yadda mai saye zai zaci daga can kayan suka fito.